Wasiƙu uku, ɗalibi ɗaya: ina ɗan Kurni zai yi karatun dakta?

Yaron da ya taso a Kurni, ya ci jarrabawar bak, ya yi lisansi da masta a ilimin sinadarai, ba kasafai yake samun wanda zai ba shi shawara a gida ba in wasiƙun karatun dakta suka zo masa biyu ko uku a lokaci guda. A ce ɗaya daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ɗaya daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta ukun daga Maroko ko Sin. Baba zai ce a tafi inda suna ya fi tashi. Inna tana son inda za a riƙa ganinsa da salla. Kawu kuwa tambayarsa ɗaya ce: "To, yaushe za ka fara ɗaukar albashi?" Kowa da gaskiyarsa, amma babu wanda ya taɓo abin da zai sa kundin ya kammala ko ya maƙale.

A wannan fanni ba jami'a ake zaɓa ba, malami ake zaɓa, da ɗakin gwajin da yake riƙe da makullinsa. Shekara uku a tsarin Faransa da ƙasashenmu suka gada, biyar ko shida a Amurka, duk a ƙarƙashin mutum ɗaya za a yi su. Shi zai ba ka tambayar da za ka bi, shi zai sa hannu a sayo kayan aiki, shi ne kuma zai ce aiki ya nuna ko da saura. Saboda haka kafin ka amsa kowace wasiƙa, nemi ɗaliban da suka fita daga hannunsa. Shekara nawa suka yi? Da aka buga sakamakon binciken, sunan wa aka sa a gaba? Yana shiga ɗakin gwaji, ko muƙami ya ɗauke shi sai dai a gan shi a talabijin? Tsohon ɗalibi ba zai rubuta maka gaskiya a saƙo ba. Kira shi, ka saurari inda muryarsa ta yi sanyi.

Sai na'ura, kuma nan ne masu karatun sinadarai suka bambanta da masu lissafi ko tarihi. Ɗauki ɗalibin da ke son gano abin da ke cikin ganyen sabara ko ƴaƴan bagaruwa. Zai shanya, ya niƙa, ya jiƙa a ruwan sinadari, ya yi ta tacewa wata da watanni har ya samu ɗan gari a gindin kwalba, wanda bai cika bakin cokali ba. Sanin yadda ƙwayoyin wannan gari suka jeru sai da na'urar NMR, wani ƙaton maganaɗisu da ake sanyayawa da ruwan hiliyom, kusan digiri 269 ƙasa da sifiri. Inda babu ita, sai a naɗe kwalbar a aika wata ƙasa, a zauna jira, wani lokaci abin ya lalace a hanya. Inda take ma, a tambaya ko tana aiki, domin an sha ganin na'ura mai tsada lulluɓe da leda saboda ba hiliyom ko ba mai gyara. Wanda ya ga yadda lantarki ya yi wuya bayan da Najeriya ta yanke layin da take ba Nijar a watan Agusta na 2023 ba ya bukatar a yi masa bayanin amfanin janareta a ɗakin gwaji.

Maganar kuɗi gajera ce: a gan su a rubuce. Nawa ne a wata, na shekara nawa, wa zai biya kayan gwaji? Bursin da ke makara ya fi cutar mai sinadarai, don gwajinsa ba ya jira. Akwai ƙofofin da ɗalibanmu ba su cika ƙwanƙwasawa ba, irin su cibiyar TWAS da Abdus Salam ya kafa a Italiya a 1983, mai tura ɗaliban ƙasashe masu tasowa karatu a takwarorinsu, da OWSD mai tallafa wa mata.

Zariya da Kano suna da jan hankali ga ɗan Kurni, ga iyaka nan kusa, ga Hausa a kasuwa, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa. Sai dai kundi da Turanci za a rubuta shi, kuma yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya na 2022 ya ci wata takwas. Hanyar Faransa, wadda Dan Dicko Dankoulodo, masanin sinadaran da Jami'ar Maraɗi ke ɗauke da sunansa, ya bi a zamaninsa, ta ƙuntata tun da aka rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024. A ganina tsarin da ya fi dacewa da yawancin ɗalibanmu shi ne na malamai biyu, ɗaya a gida ɗaya a waje: a tara samfur a nan, a je can a auna, a dawo.

Dalilina shi ne tambayoyin da ke jiranmu ba a can suke ba. Sinadarin fuloraid da ya yi yawa a ruwan famfon Tibiri ta Maraɗi ya tanƙwara ƙasusuwan yara masu yawa kafin a farga. Gubar aflatoksin tana ɓuya a gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, irin wadda ake tarawa a rumbunan Kance da Matamaye. Matatar man SORAZ, da ta fara aiki a 2011 a arewacin Damagaram, tana bukatar masu auna mai, maƙwabtanta kuma suna bukatar masu auna ruwa da iska. Wanda ya ƙware a kan na'urar da babu irinta a ƙasar nan zai dawo da takarda amma hannunsa a ɗaure, ko ma ya ƙi dawowa, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Mai niyyar koyarwa a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko a Maraɗi ya bincika tun kafin ya sayi tikiti ko za a amince da digirin a gida. Ƙarin girman malaman jami'o'inmu yana bi ta hukumar CAMES da ke Wagadugu, ita kuwa maƙalolin da ka buga take ƙirgawa.