Hali da Jinsi a Shugabancin Wurin Aiki: Abin da Bincike Ya Nuna

1.0 Gabatarwa

Duk inda aka zauna za a naɗa shugaban sashe, ko a jami'a ko a ma'aikata ko a kamfani, akwai tambayoyi biyu da kan yi yawo a zukatan masu zaɓe, ko da ba su furta su ba. Ta farko, wane irin hali ya dace da wannan kujera? Ta biyu, shin namiji da mace iri ɗaya suke riƙe ta? Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba amsoshin da masana halayyar ɗan Adam suka samu, galibi a Amurka da Turai. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, bambancin da ke tsakanin shugabanni maza da mata ƙanƙane ne, alhali bambancin da ke idon mai auna su babba ne, kuma a nan ne ake asarar gwanaye.

2.0 Rabe-raben Hali

A shekarar 1921 Carl Jung ya fito da littafinsa kan ire-iren halayen mutane. A kan tunaninsa ne Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka gina gwajin nan da ke kasa mutane gida 16, wanda kamfanoni da dama suka runguma. Sai dai masana sun yi masa suka mai ƙarfi, domin mutane da yawa idan aka sake gwada su bayan 'yan makonni sai su faɗa wani gida dabam. Dalili kuwa shi ne hali ba ɗaki ba ne da mutum zai kasance ciki ko waje. Mizani ne mai hawa da sauka, kuma yawancin mutane a tsakiyarsa suke.

Saboda haka masu bincike suka fi karkata ga ginshiƙan hali guda biyar, watau son shiga jama'a da faran-faran, himma da kiyaye ƙa'idar aiki, buɗaɗɗen tunani, sauƙin kai da tausayi, sai kuma saurin damuwa. A shekarar 2002 Timothy Judge da abokan aikinsa suka tattara sakamakon rukunoni 73 na waɗanda aka yi nazari a kansu. A bisa ma'aunin dangantaka, wanda cikarsa 1 ne, son shiga jama'a ya sami 0.31, himma 0.28, buɗaɗɗen tunani 0.24, sauƙin kai kuwa 0.08 kacal. Saurin damuwa shi ma ya sami 0.24, amma ta fuskar ragi.

A nan ya kamata mu lura da wani abu. Masu wannan nazari sun raba fitowa a matsayin shugaba da iya shugabancin kansa. Sauƙin kai kusan bai taimaka wa mutum ya fito ba, domin 0.05 ya samu, amma wajen iya riƙon jama'a ya haura zuwa 0.21. Ke nan halin da ke sa a ga mutum a ɗauke shi ba lalle ne shi ke sa ya yi nasara bayan ya hau ba. Wani bincike da Adam Grant da abokansa suka buga a 2011 ya ƙara fito da wannan. Sun duba rassan wani kamfanin sayar da abinci a Amurka, suka tarar shugaba mai yawan magana ya fi kawo riba inda ma'aikata masu jiran umarni ne, amma inda ma'aikata ke kawo shawara da kansu, shugaba mai shiru da sauraro ya fi shi.

3.0 Maza da Mata a kan Kujera

Nazarin da Paul Costa da abokansa suka yi a al'ummomi 26, a 2001, ya nuna cewa a matsakaicin lissafi mata sun ɗara maza sauƙin kai da saurin damuwa, maza kuma sun ɗara su nuna isa. Amma sun jaddada cewa wannan tazara ƙarama ce in aka gwada ta da bambancin da ke tsakanin mace da mace, ko namiji da namiji. Janet Hyde ta ƙarfafa haka a 2005, inda ta nuna kashi 78 cikin ɗari na bambance-bambancen da aka auna ƙanana ne ko kusan babu.

Dangane da salon mulki kuwa, Alice Eagly da Blair Johnson sun haɗa bincike 162 a shekarar 1990. Sun tarar a cikin ma'aikatu na haƙiƙa babu wani bambanci a tsakanin jinsunan biyu wajen kula da aiki ko kula da mutane. Inda suka rabu shi ne mata sun fi jawo na ƙasa cikin shawara, maza sun fi ba da umarni kai tsaye. A 2003 Eagly ta sake haɗa bincike 45, aka ga mata sun ɗan fi zaburar da ma'aikata da renon basirarsu da yaba wa wanda ya yi ƙoƙari, maza kuma sun ɗan fi jira sai abu ya ɓaci kafin su sa baki. Nan ma tazarar 'yar kaɗan ce.

4.0 Idon Mai Aunawa

To, in haka ne, me ya sa mata suka yi ƙaranci a manyan kujeru? Wani ɓangare na amsar yana wurin masu zaɓe. A 1973 Virginia Schein ta ba manajoji maza 300 jerin siffofi 92, ta nemi su siffanta namiji, ko mace, ko manajan da ya yi nasara. Siffofin manajan suka yi daidai da na namiji, suka yi nisa da na mace. A 1992 kuma aka tattara gwaje-gwaje 61 waɗanda a cikinsu aikin shugaban iri ɗaya ne, jinsinsa kawai aka sauya. Sai aka ga an rage wa mace maki musamman in ta yi mulki da kakkausar murya, ko in masu ba da makin maza ne. Abin da ake kira jarumta ga wannan, shi ake kira tsiwa ga waccan. Eagly da Steven Karau sun bayyana wannan a 2002 da cewa mace tana tsakanin wuta biyu: in ta yi laushi a ce ba ta isa ba, in ta tsaya da ƙarfi a ce ta fita daga ɗabi'ar mata.

Har ila yau, a 2014 Samantha Paustian-Underdahl da abokanta suka duba bincike 95 kan ingancin shugabanci. Da aka haɗa komai babu bambanci. Amma inda shugabanni suka auna kansu, maza sun fi ba kansu maki; inda wasu suka auna su, mata suka fi samu. Hukumar da ta dogara ga abin da mai neman kujera ya faɗa game da kansa a zaman ganawa, a gaskiya ƙarfin baki take aunawa.

5.0 Kammalawa

Bahaushe ya ce hali zanen dutse, kuma yana da nasa ma'aunin. A laccarsa kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa siffofi goma da Hausawa ke darajantawa: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu ɗaya daga cikinsu da aka keɓe wa namiji, kuma babu yawan magana a ciki. Sai dai kunya, wadda muke yabo, ita ce kan hana mai ita fitowa a ganshi, kuma mace aka fi ɗora wa nauyinta.

Don haka muna ba da shawara uku. Na ɗaya, kada a ɗauki gwajin kasa mutane gida-gida a matsayin alƙalin naɗi. Na biyu, a rubuta sharuɗɗan kujera kafin a san masu nemanta, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya. Na uku, a ji ta bakin waɗanda suka yi aiki ƙarƙashin mutum, domin su ne suka san ainihin riƙonsa. Muna fata mahalarta za su faɗaɗa waɗannan batutuwa a lokacin tattaunawa.