Tsofaffin Motocin Zangon Accra: Yadda Ake Gane Asalin Mota Kafin A Yi Cinikinta

Duk wanda ya sauka a tashar Neoplan da ke Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah na birnin Accra da mutanenmu suka fi sani da Ankara, ya kama hanyar Nima ko Maamobi, in dai mai lura ne ba zai rasa ganinsu ba. Wata an ɗora ta bisa duwatsu a bayan garejin makanikai, wata an lulluɓe ta da tamfol a ƙofar gida, wata kuma awaki sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Tsofaffin motoci ne da suka yi tashe a zamaninsu, suka yi jigilar goro daga Kumasi, suka kai amare, suka raka alhazai filin jirgi, yanzu kuma sun koma abin musu a majalisun shan ataya.

Musun kuwa ba ya ƙarewa. Wannan ya ce Fijo 404 ce, wancan ya rantse 403 ce, dattijon da ya yi direba shekara talatin yana gefe yana murmushi, sai an gaji sannan ya tashi ya nuna fitilar baya ya raba gardama. Mun sha zama a irin wannan majalisa, kuma da fari mun ɗauka hira ce kawai ta kashe lokaci. Daga baya muka gane akwai kuɗi a ciki. Ɗan kasuwar da ya sayi tsohuwar akori-kura domin ɗaukar kaya zuwa Aflao ko Paga bai san shekarunta na gaskiya ba, shi da asara sun ƙulla. Haka nan magajin da ya kira masu yawon sayen ƙarafa, waɗanda a nan ake ce wa 'yan kwandam, a Kano kuma 'yan gwangwan, ya sallama masu motar mahaifinsa a kan sikeli ba tare da ya tambayi abin da ke hannunsa ba.

Fara da gefen sitiyari

A ranar 4 ga Agusta, 1974, zamanin mulkin Acheampong, Ghana ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama. Nijeriya ta riga ta da shekara biyu, ranar 2 ga Afrilu, 1972. Dalilin a fili yake ga duk mai ketare iyaka: Togo da Kwaddebuwa da Burkina Faso, wadda a lokacin ake kira Upper Volta, duk renon Faransa ne, kuma a dama suke tuƙi, saboda haka direban da ya fito daga Accra sai ya sauya hannu da zarar ya shiga Lome. Tsofaffin direbobi har yau suna tuna taken gangamin da aka yi da harshen Twi, wanda ke maimaita kalmar nifa, wato dama.

To, motocin da aka shigo da su kafin wannan rana yawancinsu sitiyarinsu a dama yake, kuma da yawa daga baya makanikai suka mai da shi hagu. Wannan aiki yana barin tabo. Buɗe bonet ka dubi bangon da ya raba inji da ɗakin direba, za ka ga ramukan da aka toshe da walda a gefen dama. Dubi inda sandunan share gilashi suke kwanciya, da gefen da maɓallin buɗe bonet yake, da ko an yanka dashbod an haɗa. Sai dai a yi hattara, domin tabon shi kaɗai ba ya nuna tsufa. Akwai motocin Japan na baya-bayan nan da su ma aka sauya masu hannu kafin a shigo da su, tun da dokar kwastan ta Ghana ba ta yarda da mai sitiyari a dama ba. Idan tabon ya haɗu da tsohon jiki, shaida ce mai ƙarfi. Idan kuwa a jikin sabuwa ka gan shi, ka rage kuɗi, kuma ka sa a duba maka birki da sandar sitiyari da kyau.

Lambar da ke manne a gaba da baya ma tana ruɗin baƙi. A 2009 Ghana ta koma saka lambobi biyu na shekara a ƙarshen lambar mota, a maimakon harafin da ake sakawa a da. Mun ji wanda ya ga 12 a ƙarshe ya ɗauka motar 2012 ce. Wannan shekarar rajista ce a Ghana. Motar tana iya yin shekara ashirin tana yawo a Jamus kafin ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema.

Gidan Fijo

A nan ne musu ya fi zafi, kuma a nan ne aka fi cutar mutane. Fijo 403, wadda aka yi daga 1955 zuwa 1966, jikinta a dunƙule yake, babu kusurwa. Ita kuwa 404 da ta fito a 1960 tana da fukafukai biyu masu tsini a baya, fitilun bayanta a tsaye, na gabanta kuma zagayayyu, giyarta a jikin sitiyari. A Faransa an daina yin salun ɗinta a 1975, amma a Kenya an ci gaba da haɗa akori-kurarta har 1991. Sai 504, uwar tafiya, wadda ta fito a 1968 ta kuma lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. Ana gane ta da fitilun gaba masu kusurwa huɗu da suka ɗan karkata, da but ɗin baya da ya karye ya gangara kamar an danna shi da hannu.

Matsalar 504 ita ce tsawon rai. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara aiki a 1975, zamanin Janar Gowon, kuma a shekarun farko ta jirgin sama ake kwaso kayan haɗin daga birnin Lyon a sauke a Kano. Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Ke nan motoci biyu masu fuska ɗaya suna iya samun tazarar shekara talatin a tsakaninsu. Na farko-farko giyarsu a sitiyari take, hannun ƙofarsu kuma ya fito waje; na baya giya ta sauko ƙasa, hannun ƙofa ya shige cikin jiki. Amma ƙofa aba ce da ake cirewa a sauya cikin rabin sa'a, haka ma fitila da bamba. Abin da ke da wuyar yi wa ƙarya shi ne ɗan allon ƙarfen da kamfani ya buga da ƙusa a ɗakin inji, da lambar shasin da aka buga a jikin ƙarfen motar kansa. In waɗannan biyun suka saɓa, ko ka ga alamar an goge an sake bugawa, ka tattara kuɗinka ka tafi ko da an yi maka rabin farashi.

Masu ɗaukar kaya su leƙa ƙasa. Doguwar 504 mai kujeru layi uku, wadda ta riƙe hanyar Legas zuwa Accra da ta Maraɗi zuwa Katsina shekara da shekaru, tana da sifirin naɗaɗɗu guda huɗu a baya, biyu a kowane gefe. Akori-kurar da ta fito a 1979 kuwa sifirinta na faranti ne irin na manyan motoci. Idan aka nuna maka akori-kura ka ga naɗaɗɗen sifirin a ƙarƙashinta, to mota ce ta fasinja aka yanke bayanta aka yi mata bodi, kuma ba za ta jure buhunan albasa ba.

Ga wani abin hira na majalisa. Zakin da ke gaban Fijo ya girmi motar kanta, domin tun 1858 aka yi masa rajista, lokacin gidan Peugeot zarto da injin niƙan gahawa suke ƙerawa. Sifilin da ke tsakiyar lambobinsu kuwa sun riƙe shi kam, har a 1964 suka sa kamfanin Porsche na Jamus ya sauya sunan sabuwar motarsa daga 901 zuwa 911. Kuma ba a banza direbobinmu suka yarda da ita ba: 404 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968, 504 kuma ta ci a 1975 da 1978.

Da ka ce 911 a kasuwar Jibiya ko Illela, ba wanda zai tuna da Porsche. Gingimarin Marsandi mai gajeren hanci za a tuna, wadda aka haɗa a ANAMMCO ta Enugu, aka kuma ɗora wa bodin Molue a Legas. Lambar tata bayani ce: tara na nufin nauyin tan 9, sha ɗaya kuma ƙarfin doki 110. Kafin ita Bilhodi ce sarauniyar hanya, wato Bedford ta Ingila mai bodin katako da benci, wadda samfurinta na TJ ya fito a 1958. Irin waɗannan motoci na cikin waɗanda suka kwashe iyalai da dama daga zangunan Ghana bayan dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969, shi ya sa wasu dattawa ba sa son dogon zancenta.

Wadda ke kayar da matasa

Dattawan da suka yi zaman Agege kafin korar 1983 suna da tambayar da suke gwada ƙananan makanikai da ita: wace mota ce jikinta kamar Golf, fitilunta huɗu zagayayyu, amma ka buɗe bonet ba ka ga inji ba, kuma ba ta shan ruwa? Amsar ita ce Igala. Asalinta Volkswagen Brasilia ce ta ƙasar Brazil, aka haɗa ta a masana'antar Volkswagen da ke Ojo a Legas a ƙarshen shekarun 1970, aka raɗa mata sunan gida. Injinta na baya, iska ke sanyaya shi, kamar na 'yar'uwarta kunkuru. Ba ta yi yawa ba tun asali, saboda haka wanda ya ci karo da gangar jikinta kada ya yi saurin kiran mai sikeli.

Ita kunkuru gilashin baya ke faɗin shekarunta. Wanda aka raba biyu na kafin Maris 1953 ne, mai siffar ƙwai daga 1953 zuwa 1957, faffaɗa kuma daga nan zuwa gaba. An rufe yin ta a Meziko ranar 30 ga Yuli, 2003, bayan an ƙera sama da miliyan 21. Marsandin alfarma kuwa fitilar gaba ake dubawa: ta 1968 zuwa 1976 fitilunta a tsaye suke, wadda ta gaje ta a 1976 a kwance, sannan Bi-but ta zo a tsakiyar shekarun 1980. Mai son ganin ta farkon da idonsa, irinta ce baƙar 230.6 da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana ajiye a gidan tarihi na Onikan a Legas. A nan Accra kuma akwai Cadillac ta Nkrumah a dandalin tunawa da shi. Datsun ba ta da wahala: da ka ga sunan a jikin tsohuwar 120Y, ka san ta riga lokacin da kamfanin ya koma amfani da sunan Nissan a farkon shekarun 1980.

Gaskiya ɗaya ce, ba kowace tsohuwa ce dukiya ba. An sayar da wata Marsandi 300 SLR ta 1955 a kan Yuro miliyan 135 a watan Mayun 2022, kuma tun da labarin ya zaga a wayoyi wasu suka fara ɗora wa ruɓaɓɓun motocinsu farashin gida. Waccan guda biyu kacal aka yi a duniya. Masu tara tsofaffin motoci ƙarancin samfuri suke bi, da lafiyar ƙarfe, da inji na asali, da takardu. A gidan 504, mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi su ne ake nema ido rufe. Salun ɗin da ta yi tasi shekara ashirin, aka sauya mata inji da na Japan, iskar teku kuma ta cinye ƙasanta, darajarta a kayan jikinta take. Su ma kuɗi ne, domin fitila ko gilashi ko tambari na asali sukan fi abin da sikeli zai ba ka a kan motar gaba ɗaya, idan ka kai su inda ake nema, kamar kasuwar Abossey Okai ko Suame Magazine ta Kumasi ko Fanteka ta Kaduna.

Zancen sauya inji shi ne ya fi shafar masu ketare iyaka. Jami'in kwastan a Aflao ko Seme ko Ƙonni lambar shasi yake gwadawa da ta takarda, wani lokaci har da ta inji. In an sauya inji ba a gyara takarda ba, mota da kaya za su kwana, ko da tumatir ne a ciki. Motocin da aka ƙera daga 1981 yawanci lambar shasinsu haruffa da lambobi 17 ce, babu I, babu O, babu Q a ciki, saboda kada su rikice da 1 da 0. Ukun farko suna faɗin gida: VF3 Fijo ta Faransa, WDB Marsandi, WVW Volkswagen, JN1 Nissan. A motocin da aka yi domin kasuwar Amurka, na goma shi ne shekara, B na nufin 1981, Y na nufin 2000, 1 kuma 2001. Na Turai ba duka suke bin wannan ƙa'ida ta goma ba. Tsofaffin kafin 1981 kuwa lambarsu gajera ce, kowane kamfani da tsarinsa. Idan za ka sayo masu kaya a Abossey Okai, kwafi lambar a takarda, ka ɗauki hoton allon ƙarfen da wayarka, sannan ka riƙo tsohon kayan da aka cire a hannunka, domin yaran shagon yawancinsu an haife su ne bayan an daina yin motar.