Hali Zanen Dutse Ne? Darasi Daga Kaduna

'Yan'uwa cikin Kristi, Hausawa suna cewa hali zanen dutse ne. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya saba da fushi ba ya barinsa a dare ɗaya, mai riƙo kuma yakan manta da alheri goma ya tuna da laifi guda. Amma Littafi Mai Tsarki bai yarda cewa mutum ba ya sakewa ba. A Romawa 12:2 Manzo Bulus ya nuna cewa sakewa tana zuwa ta wurin sabunta tunani, aikin nan kuwa yana ɗaukar lokaci.

Muna da misali a nan Kaduna. A rikicin 1992, wanda ya taso daga Zangon Kataf ya iso cikin gari, James Wuye yana jagorantar matasan Kirista, Muhammad Ashafa kuma na Musulmi. Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 wani abokinsu ya haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna.

Ga inda darasin yake. Fasto Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa shekaru bayan sun fara aiki tare, ƙiyayya tana nan a zuciyarsa, har yakan yi tunanin kashe abokin nasa. Baki ya yafe, zuciya ba ta iso ba tukuna. Abubuwa biyu suka taimake shi. Imam Ashafa ya je dubiyar mahaifiyarsa a asibiti. Wani fasto kuma ya gargaɗe shi cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ciki.

Haka ɗan Adam yake. Yusufu ma bai bayyana kansa ga 'yan'uwansa ran da ya fara ganinsu a Masar ba. Ya gwada su, ya ɓuya ya yi kuka, sa'an nan ya rungume su (Farawa 42 zuwa 45).

Mu da muke zaune a Rigachikun mun san abin da rikicin 2000 da na 2002 suka yi wa garin nan. Masu bi da yawa sun ƙaura zuwa kudancin kogi, irin su Sabon Tasha, Musulmi da yawa kuma suka dawo arewa. Mu da muka rage, kasuwa ɗaya muke ci da maƙwabtanmu, mota ɗaya muke shiga zuwa Kawo. Zuciyar da ke riƙo ba za ta iya wannan zama ba, yaranmu kuma suna jin abin da muke faɗa a kan maƙwabta bayan an rufe ƙofa.

Me za mu yi? Da fari, kada ka yi wa kanka ƙarya. Idan ciwon yana nan, faɗa wa Ubangiji cikin addu'a, ka kuma gaya wa wani dattijon ikilisiya da ka amince da shi. Na biyu, kada ka jira zuciya ta huce kafin ka yi alheri. Ka gaisa, ka je dubiya, ka je ta'aziyya. Sau da yawa ƙafa ce ke yin gaba, zuciya ta biyo baya. Na uku, ka karɓi gargaɗi idan ɗan'uwa ya nuna maka halinka.

A wannan mako, tuna da mutum ɗaya da ka daina gaishe shi, ka fara daga nan. Ubangiji ya ba mu ƙarfin yin haka. Amin.