Dalilin da Hoto Ɗaya Ke Tare Layin Firinta

A ofishin da kwamfutoci da yawa suka dogara da firinta ɗaya, wasiƙa mai shafi goma kan fito tun mai ita bai tashi daga kujera ba. Amma da wani ya tura hoto, sai fitilar firinta ta kama ƙyaftawa, aiki ya tsaya cak, kowa ya ce netwok ne. Sau da yawa netwok lafiyarsa ƙalau, kaya ne suka yi masa yawa.

Rubutu ba shi da nauyi, don yawancin shafin fili ne fari, haruffan kuma maimaita kansu suke yi. Hoto kuwa ɗigo-ɗigo ne, kowanne da launinsa. Hoton waya mai ɗigo miliyan 12 yakan ci megabait 3 ko 4 kacal, saboda tsarin JPEG, wanda aka tabbatar a 1992, ya matse shi ya zubar da bambancin launin da ido ba ya kamawa. In aka warware shi, kowane ɗigo bait 3 yake ci, wato megabait 36 ke nan. Kamar garin kwaki ne: a bushe kofi ɗaya, a zuba ruwa ya cika kwano.

A nan fa gizo ke saƙa. Manhajar da ake kira direba ita ke mai da hoton abin da firinta za ta gane, kuma sau da yawa sai ta sake zana shi daidai da ƙarfin bugun da aka zaɓa. Takardar A4 a kan ɗigo 600 a kowane inci tana ɗaukar 4,960 a faɗi, 7,016 a tsawo, kusan ɗigo miliyan 35. A bait 3 kowane ɗigo, wannan ya haura megabait 100. Direban kan ɗan matse shi, amma matsarsa ba ta kai ta JPEG ba. A sauko 300 kuwa, nauyin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, tunda faɗi da tsawo duka aka rage.

Firintoci ma kowace da halinta. Masu jin harshen PostScript na kamfanin Adobe suna iya karɓar JPEG a matse su warware da kansu. Masu araha ba su da wannan ƙwaƙwalwar, kwamfuta ce ke zana musu komai ta turo. In kuma aikin sai ya bi ta wata kwamfutar kafin ya isa firinta, sau biyu ya ratsa netwok.

Abin da ya fi ɓata aiki, a ganina, shi ne gajen haƙuri: mutum ya ga shiru ya sake danna bugawa, ya ninka kayan, ya tare na bayansa. Alhali hoton da za a saka cikin rahoto ba ya buƙatar fiye da ɗigo 300 a kowane inci.

Don haka mai karatu, rage girman hoton kafin ka tura, zaɓi 300, haɗa firintar da kebul maimakon waifai, in ya daɗe kuma buɗe layin jiran aiki ka duba tukuna.