Mota Mai Ƙwanji: Tsohuwar Da Ta Fi Sabuwa Tsada

A garin Bena, cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta ƙasar Zuru, ana auna darajar mota ne da yawan buhunan masara da dawa da za ta iya fitarwa daga kasuwa, da kuma yadda za ta jure wa hanya idan damina ta kankama. In ta tsufa ta kasa, sai a jingine ta bayan gareji, a riƙa zare mata kaya ɗaya bayan ɗaya, har ranar da 'yan gwangwan za su ɗora ta bisa sikeli. A ƙasar Amurka kuwa akwai wasu tsofaffin motoci waɗanda ake bi lungu-lungu ana nema, a kashe musu kuɗin da ya zarce na sabuwa don a mai da su yadda suka fito daga masana'anta. Amurkawa suna kiransu da wani laƙabi wanda ma'anarsa ita ce mota mai ƙwanji.

Asalinsu kuwa dabara ce ta wani injiniya mai suna John DeLorean da abokan aikinsa a kamfanin Pontiac. Cikin shekarar 1964 suka ɗauko injin babbar mota mai silinda takwas, wanda girmansa ya kai lita 6.4, suka dasa shi cikin matsakaiciyar mota marar nauyi, suka raɗa mata suna GTO. Uwar kamfanin, watau General Motors, tana da dokar da ta hana sa injin mai wannan girma a irin wannan mota, sai suka kewaye dokar, suka ce ai injin ƙari ne da mai saye zai zaɓa da kansa. An yi tsammanin sayar da guda 5,000, amma kafin shekara ta ƙare an sayar da fiye da 32,000. Ganin haka sauran kamfanoni suka shiga rige-rige: Dodge ya fito da Charger, Chevrolet ya fito da Chevelle SS, wadda a 1970 injinta ya kai ƙarfin dawaki 450. Don mai karatu ya gane, Peugeot 504 da muka sani ƙarfinta dawaki ɗari ne ko ƙasa da haka.

Abin da ke jan hankalin masoyanta na farko shi ne murya. Injin mai silinda takwas ba ya ƙara, gurnani yake yi, ko a tsaye motar take sai ka ga jikinta yana rawa. Sa'an nan ga siffa: dogon gaba, gajeren baya, ƙofa biyu, faffaɗan ƙirji. Charger ta 1968 har fitilunta a ɓoye suke bayan murfi, ba a ganinsu sai an kunna. Amma a ganina babban sirrinta shi ne sauƙin aikinta. Babu kwamfuta ko ɗaya a jikinta. Kafireta ce da filogi da fanbel, kayan da duk bakaniken da ya koyi aiki a hannun ubangidansa zai kwance ya mayar da sifana da kunnensa.

Ba za a ɓoye aibinta ba. Birkinta bai kai gudunta ba, ba ta son kwana, kuma manyan cikinsu da ƙyar lita guda take kai su kilomita biyar. Wannan ƙishirwa na daga cikin abin da ya kashe ta. A 1970 Amurka ta tsaurara dokar hana gurɓata iska, kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi, sa'an nan a watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka man fetur saboda goyon bayan da ta bai wa Isra'ila. Farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen dala 12. Pontiac ya daina ƙera GTO ta asali a 1974.

Abin lura a nan shi ne tsadar man da ta durƙusar da wannan mota ita ce ta cika baitulmalin Nijeriya. Da waɗannan kuɗi aka biya ma'aikata Udoji, kuma a 1975 kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa a Kaduna, 504 da akori-kura suka bazu ko'ina a Arewa.

Shi gyaran irin wannan mota ba fenti ba ne kawai. Ana tuɓe ta kaf har sai ƙashin ya rage, a kankare tsatsa, a yanke ƙarfen da ya ruɓe a yi waldar wani, a sake gina injin, a nemo ainihin launin da ta fito da shi, har ɗinkin kujera sai ya dace da na shekarar. Aikin yakan ci shekaru. Masu saye kuma abu na farko da suke dubawa shi ne ko lambar injin ta yi daidai da lambar motar, domin wadda aka sauya wa injin darajarta takan faɗi ƙwarai. A 2014 an yi gwanjon wata Plymouth Barracuda ta 1971 mai buɗaɗɗen sama a kan dala miliyan 3.5. A 2020 kuma Ford Mustang ɗin da Steve McQueen ya tuƙa cikin fim ɗin Bullitt na 1968 ta haura dala miliyan 3.7, ita kam da tsatsarta da lotsewarta aka sayar da ita.

Hannun yin wannan aiki ba mu rasa shi ba. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya ga masu bugun kwano da masu walda da ke tayar da abin da Turawa za su zubar. Ƙasarmu ma ta fi tasu sauƙi ga ƙarfe, domin su gishiri suke barbaɗawa a tituna lokacin ƙanƙara, shi ne ke cinye cikin mota. Abin da ke ƙarewa a hannunmu shi ne motocin kansu, waɗanda aka haɗa a Kaduna da hannun 'ya'yanmu, ana narkar da su a yi rodi.

Saboda haka wanda ya gaji tsohuwar 404 ko 504 a bayan gida, ya adana takardunta, kada ya yarda a raba ta da injinta na asali, ya ɗage ta bisa duwatsu a inuwa, ya toshe kafofin da ɓera zai shiga ya ci wayoyi.