Ɗan Saga: Manoman da ke gadin daji ba albashi

Duk wanda ya san ƙasar Agye, cikin jihar Maraɗi, a shekarun fari na 1973 da 1984, ya san yadda gonaki suka koma fili fetal, iska tana kwashe ƙasa tana binne shuka, har manomi ya yi shuka sau biyu ko sau uku kafin hatsi ya kama. A yau kuwa, in aka doshi garin Ɗan Saga, kalgo da sabara da aduwa da gawo ne ke tarbon baƙo tun daga nesa. Ba dasa su aka yi ba. Toho ne da ya fito daga tsofaffin kututture, aka bar shi ya girma.

Wannan dabara ita ce manomanmu ke kira sassabin zamani. Maimakon a sare duk tohon da ke gona a ƙone, sai a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi a bar su, a datse sauran. Tun da saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, icen yakan yi saurin tashi fiye da wanda aka raina a leda. Wani ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, shi ya fara yaɗa dabarar a yankin Maraɗi a 1983, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kamar miliyan 200.

Sai dai raino daban, tsaro daban. Icen da manomi ya shekara uku yana tattali, gatari ɗaya ne ke kayar da shi cikin dare. A nan ne mutanen Ɗan Saga suka yi abin da ya kamata a yaba: sun kafa kwamitin sa ido na gari, suka sa mata da matasa a ciki, suka kuma ba makiyaya kujera. Wannan na ƙarshe, a ganinmu, shi ne hikimar al'amarin, domin makiyayin da aka zauna da shi aka tsara doka ba ya ganin dokar a matsayin tarkon da aka ɗana masa. Ƴan kwamitin sukan zagaya gonaki, su ja kunnen wanda suka kama yana sara, in ya ƙi ji a kai maganar gaban maigari, in ta faskara a miƙa ta ga ma'aikatan gandun daji.

Amfanin bai tsaya ga itacen girki ba. Gawo yakan kakkaɓe ganyensa da damina, ya taki gona ba tare da ya yi wa hatsi inuwa ba, da rani kuma ƴaƴansa su ciyar da bisashe. A yunwar 2005, gidajen da ke da itace sun sami abin sayarwa su sayi hatsi. Inda ciyayi da inuwa suka dawo kuma, zomo da zabon daji da bushiya sukan sami maɓoya, tsuntsaye su sami wurin sheƙa, su rage wa manomi ƙwari.

A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan icen da ya raina a gonarsa, abin da a da ake ɗauka na hukuma ne. Wannan ci gaba ne. Amma doka a Yamai take, ɓarawon ice kuwa yana bakin gona. Waɗanda ke tare shi mutane ne masu iyali, masu barin aikinsu su yi sintiri, wani lokaci ma su ɓata da dangi a kan tarar da suka ci wani. Muna kira ga magadan gari na yankin da su sa waɗannan kwamitoci cikin kasafin kuɗinsu, ko da na takalmi da fitila da katin shaida ne.