Yaya ake yin bincike?

Mutane suna cewa Gaya ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. Yaya za mu tabbatar? Sai mu yi bincike.

Da farko, mu tsai da tambaya: ruwa nawa ke sauka a Gaya cikin shekara?

Na biyu, mu kafa ma'aunin ruwa a fili, nesa da itatuwa.

Na uku, bayan kowane ruwa mu auna, mu rubuta rana da yawan milimita.

Na huɗu, da kaka mu haɗa lissafi, mu gwada da na wasu garuruwa. Gaya takan sami wajen milimita 800. Agadas takan sami ƙasa da 200.

Daga ƙarshe, mu sanar da manoma sakamako.

Yara, kada ku rubuta abin da ba ku auna ba. Da lissafinku manomi zai zaɓi irin shuka.